Dorothea Lange: Ta ɗauki hoton da ya zagaye duniya, ba ta tambayi sunan matar ba

Ɗauko wayarka ka shiga Facebook ko TikTok, ka rubuta Birnin Gwari a wurin bincike. Kafin ka gangara sau uku za ka ci karo da ita: wata mata zaune a barandar ajin firamare, goyo a baya, ƙullin kaya a gefe, ta zuba tagumi. An rubuta addu'a a ƙarƙashin hoton, jama'a sun danna alamar kuka, wasu sun yaɗa. To bari in tambaye ka, yaya sunanta? Daga wane gari ta fito, Gwaska ne ko Kakangi ko Randagi? Ta ma san fuskarta na yawo a wayoyin mutane daga Kaduna har Jidda?

Ban tsame kaina ba fa, ni ma na taɓa yi. A wani hutu ina tasha a Birnin Gwari ina jiran mota ta cika, sai na hango wata tsohuwa zaune kan buhu, tabarma a naɗe, tukwane biyu ɗaure cikin zane, ga jikanta yana barci a cinyarta. Hasken la'asar ya sauka a fuskarta daidai yadda ake kwatanta mana a darasin hoto. Ko gaishe ta ban yi ba. Na jawo ta daga nesa da kyamarar waya, na ƙyasta, na ɗora tare da 'yan kalmomi masu sa hawaye a kan 'yan gudun hijira. Ajiye wannan tsohuwa a ranka tukuna, zan dawo kanta.

Abin da ya tuno mini da ita shi ne tarihin wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Dorothea Lange, wadda ta rasu tun 1965. Ko ba ka taɓa jin sunanta ba, da wuya a ce ba ka taɓa ganin aikinta ba. Hoton nan ne baƙi da fari na wata uwa da ta dafa gefen haɓarta da yatsu, goshi a tamuke, tana kallon nesa, yara biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta, jariri a cinya. Duk wanda ya karanci aikin jarida sai an nuna masa shi a aji. Dorothea ta shafe shekara 30 tana tunkarar mutanen da ba ta sani ba, a bakin titi, a gona, a layin abinci, tana ɗaukar fuskokinsu, kuma kaɗan ne suka kai ta iya wannan aiki. Sai ga shi a hoton da ya fi kowanne fito da ita, a nan ta yi tuntuɓe.

An haife ta ranar 26 ga Mayun 1895 a Hoboken, wani gari da kogi ne kawai ya raba shi da birnin Niyok. Kakanninta daga Jamus suka zo. Tana shekara 7 cutar shan inna ta kama ta, ƙafar dama ta shanye, ta ci gaba da ɗingishi har ƙarshen rayuwarta. Ka dai san halin yara, sun tsokane ta son ransu. Tana shekara 12 kuma mahaifinta ya fice ya bar gidan. Abin ya tsaya mata a rai har daga baya ta ajiye sunansa, Nutzhorn, ta ɗauki sunan gidan su mahaifiyarta, Lange, ta kuma daina zancensa ko da 'ya'yanta.

Mahaifiyar ta samu aiki a wani laburare da ke unguwar talakawa baƙin haure a Niyok, sai ta sa Dorothea a makarantar unguwar. Wasu ranakun uwar kan yi aikin dare, dole yarinya ta tako ita kaɗai zuwa bakin jirgin ruwan da zai tsallaka da ita gida, ta cikin layukan da mashaya ke kwance a ƙasa. A nan ta koyi wani abu da ya zame mata jari: yadda za ta daidaita fuska da tafiya har idon kowa ya zame daga kanta, alhali ita tana ganin kowa. Da ta gama sakandare ta ce ita fa ɗaukar hoto za ta yi. Ka ji ƙarfin hali, lokacin ko kyamara ba ta taɓa mallaka ba. Uwar ta tura ta kwalejin horon malamai, ta ɗan taɓa ta watsar, ta shiga bin shagunan hoto a matsayin 'yar koyo. Ta yi aiki wajen Arnold Genthe, ta kuma ɗauki darasi wajen Clarence White a jami'ar Columbia.

A 1918 ita da wata ƙawarta suka haɗa 'yan kuɗinsu suka ce za su zaga duniya. Zagayen bai wuce San Faransisko ba, don a can ɗan sane ya yi awon gaba da guzurin. Dorothea ta nemi aiki a wani kanti inda ake karɓar fim ana wanke hoto, shekara na zagayowa ta buɗe nata shagon. Manyan attajiran birnin ne kwastomominta, su zo da matansu da 'ya'yansu, a sha shayi, a yi hira, a ɗauki hoto, a biya da tsoka. A 1920 ta auri wani mai zane, Maynard Dixon, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Daniel da John. Da a ce duniya ta ci gaba da tafiya haka, da yau ba wanda zai zauna yana ba ka labarinta.

A 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankuna suka rufe da kuɗin mutane, masana'antu suka sallami ma'aikata, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki yana zaune ba abin yi. Wata rana tana tsaye a tagar shagonta ta hango wani matashi ya iso mahaɗar titi, ya tsaya, ya dubi nan ya dubi can, ya rasa inda zai nufa. Wannan ne ya sa ta saɓi kyamara ta sauko ƙasa. Kusa da wurin akwai wata bazawara mai suna Lois Jordan da ke dafa abinci tana raba wa marasa aiki kyauta. A cikin wannan layi Dorothea ta ga wani dattijo ya juya wa taron baya, ya jingina da katako, hula ta rufe masa ido, gwangwanin karɓar miya a tsakanin hannayensa da ya dunƙule. Ta ɗauke shi. Ta wanke ta manna a bangon shago, masu kuɗin da ke shigowa suna tambayarta me za ta yi da irin wannan hoto. Ita kanta a lokacin ba ta da amsa.

Kada ka ɗauka waliyyiya nake zana maka. A waɗannan shekaru ita da mijinta sun riƙa kai 'ya'yansu riƙo gidajen mutane suna biya, wani lokaci na watanni, domin kuɗi ya yi ƙaranci kuma aiki ya ci gaba. Yaran sun girma da wannan tabo. Matar da ta iya zama ta saurari baƙon da ta tsinta a hanya na tsawon awa guda, a cikin gidanta an san ta da zafi da son a bi tsarinta. Abin yana ɗaure mini kai, amma haka ɗan Adam yake.

Wanda ya ba hotunanta alƙibla shi ne Paul Taylor, malamin tattalin arziki a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai bincike a kan leburorin gona. Ya ga hotunanta a 1934, ya nemi su yi aiki tare. Hukumar agajin jihar ba ta da gurbin mai ɗaukar hoto a kasafinta, sai aka rubuta sunan Dorothea a matsayin mai buga tafireta. A lokacin fari da guguwar ƙura sun cinye gonaki a jihohi irin su Oklahoma da Texas, masu manyan filaye kuma sun sayi tarakta sun kori manoman da ke noma musu a raba amfani. Ɗaruruwan dubban mutane suka ɗaure katifa da tukwane a kan tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya ci-rani, suna bin gonaki suna tsinkar auduga da wake da 'ya'yan itace, suna kwana a bukkokin kwali a bakin magudanar ruwa. In kai ɗan yankin Birnin Gwari ne ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ka san yadda manomin da a da yake cika rumbu da masara yake komawa idan gonarsa ta gagare shi shiga, ya dawo gari yana neman aikin yini. Dalilin ne ya bambanta, su ƙura ta kore su, namu bindiga.

Rahoton da Taylor ya rubuta, haɗe da hotunan Dorothea, ya sa gwamnati ta fitar da dala 20,000 aka fara gina wa 'yan ci-rani sansani mai ruwa da bayan gida. A ƙarshen 1935 kowannensu ya rabu da abokin zamansa suka auri juna, ita kuma ta koma ƙarƙashin wata hukumar gwamnatin tarayya mai kula da manoman da suka tagayyara, wadda daga baya aka fi sani da FSA. Shugaban sashen hotonta, Roy Stryker, ya baza masu ɗaukar hoto cikin ƙasa domin 'yan birni su ga halin da ƙauye ke ciki.

Nan ne nake so ka nutsu, domin yadda take aikin ya fi hotunan kansu amfani a gare ka. Ba ta dira a wuri ta hau ƙyasta kyamara. Takan ce wa direba ya rage gudu, ya ƙara ragewa. In ta sauka sai ta tako a hankali da ɗingishinta, ta nemi ruwan sha, ta daɗe tana sha. Ta bar yara su tattaɓa kyamarar da hannayensu masu datti. Ta fara ba da nata labarin, ita wace ce, 'ya'yanta nawa, wa ya aiko ta, me za a yi da hoton. Sannan ta yi tambayoyi masu sauƙin amsawa: nawa ake biyan kwandon wake, daga ina aka taso, yaushe rabon a ga gida. Ita da kanta ta yarda cewa ƙafar nan ta buɗe mata ƙofofi, don wanda duniya ta kayar ya fi sakin jiki da wanda ya ga shi ma da nasa rauni. Ɗaya daga cikin kyamarorinta ma irin wadda ake riƙewa a daidai ciki ce ana leƙawa ta sama, ka ga kanta a sunkuye yake, ba ta auna mutum da ita kamar mai saita bindiga. In an gama hira sai ta koma gefe da sauri ta rubuta maganar mutumin yadda ya faɗe ta, kafin ta gushe mata. Wannan ɗabi'a ta rubutu daga Taylor ta ɗauke ta. Littafin da suka fitar tare a 1939, An American Exodus, cike yake da maganganun mutanen da ke cikin hotunan, domin a ji su da bakinsu.

To ga ranar da ta saki wannan tsari. Watan Maris ne na 1936. Ta yi wata guda tana yawon aiki ita kaɗai, ta gaji tiɓis, kaya na cikin mota, ruwan sama na zuba, gida kawai take hange. A kusa da wani ƙaramin gari, Nipomo, ta wuce wani allo da ke nuna sansanin masu tsinkar wake. Ta ce wa ranta ai tana da irin waɗannan hotuna da yawa. Sai da ta yi mil 20 zuciyarta na ja mata, sannan ta juya kan mota ta koma. Sanyi ya lalata waken, mutum wajen 2,500 na zaune a sansanin ba aiki ba abinci. Tana shiga idonta ya faɗa kan wata mata a ƙarƙashin wata 'yar rumfar tanti da yara kewaye da ita. Ta nufe ta kai tsaye, tana ɗauka tana matsowa, hoto bai fi bakwai ba, cikin minti kamar 10. Ta koma mota ta kama hanya. Ba ta zaga sauran sansanin ba, ba ta zauna shan ruwa ba, ba ta buɗe littafinta yadda ta saba ba. Abin da ta tafi da shi kawai shi ne matar shekararta 32, 'ya'yanta bakwai, suna cin ganyen da sanyi ya ƙona a gonaki da tsuntsayen da yara ke kamowa, kuma wai sun sayar da tayoyin motarsu sun sayi abinci.

Hoton ya yi aiki, wannan ba a musu. Ta kai wa jaridar San Francisco News, aka buga labarin a ranar 10 ga Maris, gwamnati ta aika abinci kimanin tan 9 zuwa sansanin, ka ce buhu 90 mai kilo 100. Daga baya aka raɗa wa hoton suna Migrant Mother, wato uwa 'yar ci-rani. Ya shiga jaridu da mujallu da littattafan makaranta, ya zama shi ne fuskar wancan zamani gaba ɗaya. Sai dai kafin abincin ya iso, matar da 'ya'yanta sun riga sun yi gaba. Ko loma ɗaya ba su ci ba.

Sunanta Florence Owens Thompson, amma sai da aka shekara 42 kafin duniya ta san haka. A 1978 wani ɗan jaridar Modesto Bee, Emmett Corrigan, ya gano ta tana zaune a wani ɗan gidan tirela a garin Modesto. Da aka ji ta bakinta da na 'ya'yanta sai labari ya sha bamban. Ashe ba ƙura ce ta koro ta ba, tun shekarun 1920 take Kalifoniya. Ashe ba ma Baturiya ba ce kamar yadda masu kallo suka ɗauka, 'yar ƙabilar Cherokee ce, cikin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Mijinta na fari tarin fuka ya kashe shi a 1931 ya bar ta da yara da ciki. Ranar da aka ɗauki hoton ma wucewa suke yi, motarsu ta lalace, mutumin da take tare da shi da 'ya'yanta maza suka tafi gari gyara, ita ta zauna jira. Ɗanta ya ce zancen sayar da taya bai taso ba, yana ganin Dorothea ta haɗa labarinsu ne da na wasu. Florence ta ce da ta sani da ba ta yarda an ɗauka ba. Ta ce an yi mata alkawarin ba za a buga ba, an ce za a aiko mata da nata, ba ta ga ko ɗaya ba, kuma ko sisi ba ta taɓa samu ba. Wata 'yarta, cikin yaran da suka ɓoye fuska, ta ce kunya hoton ya riƙa ba su.

Adalci shi ne in gaya maka Dorothea ma ba ta yi kuɗi da hoton ba, don mallakin gwamnati ne, kowa na iya bugawa kyauta. Lokacin da Florence ta yi magana kuma Dorothea ta daɗe a ƙasa, ba damar ta kare kanta a kan zancen alkawarin. Amma batun suna ita da kanta ta amsa shi tun tana raye. A wani rubutu da ta yi a 1960 ta faɗa ƙarara cewa ba ta tambayi matar sunanta ko tarihinta ba, sai dai ta ji a jikinta kamar sun fahimci juna, kowacce na taimakon 'yar'uwarta. Ni dai a nan ban bi ta ba. Mai riƙe da kyamara ne kullum yake jin an fahimci juna. Ɗaya ta shiga mota ta tafi ta zama shahararriya, ɗaya ta ci gaba da tsinkar auduga da aikin asibiti da na gidan abinci har ta raini 'ya'ya 10. Akwai ma wani ɗan abu: a 1939 Dorothea ta sa an goge babban yatsan Florence da ya leƙo a kusurwar hoton yana riƙe da sandar tanti, don yana ɓata mata tsari. Stryker bai ji daɗi ba, a ganinsa an taɓa shaida. Kai da kake da filta 50 a waya, ka auna wannan.

Yanzu in cika maka labarin tsohuwata. Hoton ya samu karɓuwa fiye da duk abin da na taɓa ɗorawa, har ina jin kaina. Washegari wani ya shigo ƙarƙashin fos ɗin ya ce gwaggonsa ce, kuma ba gudun hijira take ba, suna za ta na jikanyarta da ta haihu, tukwanen nan gudummawa ce. Ya tambaye ni wa ya ba ni izini. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na goge, na ba shi haƙuri, amma wasu shafuka sun riga sun kwafe, da kalmomina a ƙasa. Tambaya ɗaya bayan sallama da ta raba ni da wannan.

Nawa ma mai sauƙi ne, ya tsaya a kunya. A yankin da dajin Kamuku ya haɗe da na Kuyambana, fuska a intanet tana iya zama maganar rai. Waɗanda ke cikin dajin su ma suna da waya, wasunsu har TikTok suke yi, ga infoma a cikin gari. Ka ɗauki mutumin da ya kuɓuto yana ba da labarin inda aka tsare shi, ka nuna fuskarsa, kai ka koma makaranta, shi kuma gobe zai koma gona ta wannan hanyar. Ka ɗauki manomi tsaye gaban tulin buhunan masararsa kana taya shi murna, ba ka san wa ka yi wa talla ba. Yarinyar da aka sako bayan an biya kuɗin fansa, hotonta zai riga ta isa gidan duk wanda zai nemi aurenta nan da shekara biyar. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba idan maganar ta shafi aikata laifi ko lalata, ko shi aka cuta ko shaida ne. Mu a aji ake koya mana wannan, amma yawancin masu ɗora hotunan nan ba wanda ya taɓa gaya musu. Tun bayan sulhun ƙarshen 2024 da aka sake buɗe kasuwar kara, masu zuwa da waya a hannu sai ƙaruwa suke yi.

Ba ina cewa ka mayar da wayar aljihu ba ne. A shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar sojoji, lokacin da aka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska a watan Mayun 2018, 'yan jarida nawa ne ke iya shiga? Sau da yawa abin da 'yan gari suka ɗauka da wayoyinsu ne ya sa na nesa suka yarda abin ya kai haka. Rayuwar Dorothea ma ta nuna yadda masu iko ke tsoron hoto. A 1941 ta samu tallafin Guggenheim, wanda masu fasaha ke mafarkinsa, sai yaƙi ya sa ta ajiye shi. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, a Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a wata doka da ta ba soja damar kwashe mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan, mafi yawansu haifaffun Amurka, a tsare su a sansanoni cikin hamada ba tare da an tuhume su da komai ba. Gwamnati ta ɗauki Dorothea ta yi hotunan aikin, da nufin a nuna an yi shi cikin tsari da mutunci.

Ita da mijinta suna adawa da dokar, amma ta karɓi aikin don a samu shaida. Ta ɗauki yara da katin lamba rataye a wuyan riga kamar kayan da za a loda a mota. Ta ɗauki tsofaffi zaune kan akwatuna, da iyalan da aka zuba a ɗakunan dawaki na filin sukuwa, da kantin wani matashi a Oakland da ya kafa babban allo yana shelar shi ma ɗan ƙasa ne, duk da haka aka kwashe shi. Sojoji suka hana ta ɗaukar waya mai ƙaya da hasumiyar masu gadi, suna bin ta duk inda ta sa ƙafa. Da suka ga abin da ta kawo, hoto wajen 800, sai suka riƙe da yawa daga ciki har yaƙi ya ƙare, aka kai su ma'ajiyar tarihi ta ƙasa suka kwanta. Sai a 2006 aka tattara su a littafi guda jama'a suka gan su sosai. A wannan aikin kuwa ta koma ɗabi'arta, da yawan hotunan suna ɗauke da sunan iyalin da garin da aka kwaso su, shi ya sa jikokinsu ke iya gane kakanninsu a yau.

Daga nan lafiya ta fara gagarar ta. Gyambon ciki ya kwantar da ita shekaru, ƙafar ma ta dawo da ciwo. Duk da haka ta koyar da hoto a San Faransisko, tana cikin waɗanda suka kafa mujallar Aperture a 1952, ta yi wa mujallar Life aiki a ƙauyukan Ailan. Ta bi Taylor zuwa ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Masar, inda ta ɗauki mata masu lulluɓi a ƙauyukan bakin kogin Nilu. A can ba ta jin harshen mutane, hirar da ta saba ba ta yiwuwa, sai ka ga ta fi karkata ga hannaye da tafin ƙafa da yadda mutum ya tsuguna.

A 1964 likitoci suka gaya mata tana da ciwon daji a maƙogwaro, kuma ba ya aikatuwa. Ta ƙarar da shekararta ta ƙarshe tana zaɓen hotunan da za a baje a babban gidan nune-nunen fasahar zamani na Niyok, tana manna su a bango tana cirewa, tana gardama da mai shirya bajekolin a kan wanne zai zauna kusa da wanne. Ta rasu ranar 11 ga Oktoban 1965 tana da shekara 70, wata uku kafin a buɗe. Hoton Nipomo na cikin waɗanda aka rataya. 

Florence ta ƙara shekara 18 a duniya bayanta. A 1983 ciwon daji da shanyewar jiki suka kwantar da ita, kuɗin jinya ya fi ƙarfin 'ya'yanta, dole suka fito suka nemi taimako da sunan hoton da suka daɗe suna gudu. Mutane suka aiko da kimanin dala 35,000 da wasiƙu wajen 2,000, da yawa daga waɗanda suka ce fuskar nan ta tuna musu da tasu uwar. Ɗanta ya ce sai a lokacin suka fara kallon hoton da wani ido. Ta rasu a watan Satumban wannan shekara tana da shekara 80. A 1998 gidan waya na Amurka ya buga fuskarta a kan sarki. An binne ta a Hughson, kusa da Modesto, kuma a dutsen da ke kan kabarinta cikakken sunanta aka fara rubutawa, sannan sunan hoton ya biyo a ƙasa.